Wa ya taɓa raka yaro makarantar majami'ar Yahudawa?

Bakatsiniya a Manchesta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu aikin raino a wani gidan Yahudawa a unguwar Prestwich. Uwar yaran ta ce daga Lahadi mai zuwa ni zan riƙa kai babban, ɗan shekara biyar, makarantar da ke majami'arsu, wadda suke kira heder. Ban taɓa taka wurin ba, ina gudun yin abin da zai zama rashin ladabi. Don Allah wanda ya sani ya ba ni haske.

Hajiya daga Landan: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara uku na yi ina irin aikin nan a Golders Green. Ki kwantar da hankalinki, tamkar Islamiyyar ƙarshen mako ce: yaran da ke boko sauran ranaku su zo safiyar Lahadi, awa biyu zuwa uku. Hijabinki ba zai dami kowa ba, matan aurensu masu riƙon addini ma suna rufe gashi. Abinci ne kawai za ki kiyaye. Na taɓa saka wa yarinya biskit daga jakata, a zatona tunda halal ne shi ke nan. Ashe ƙa'idarsu ta kosher daban ce, ko nama da madara ba sa haɗawa. Malamar ta ja ni gefe cikin mutunci, ta nuna min tambarin da ake dubawa a jikin leda.

Ɗalibi a Burukilin: Ni maƙwabcina a Crown Heights ne ya gayyace ni askin ɗansa. A al'adar su maƙwabcin nawa ba a taɓa sumar yaro sai ya cika shekara uku. Bayan askin aka naɗe shi da mayafin addu'a na babansa, aka ɗauke shi zuwa wurin malami. Aka kawo haruffan Ibraniyanci, aka ɗiga zuma a kai, malam ya faɗi harafi, yaro ya maimaita ya lasa. Wallahi sai da na tuna ranar da aka fara rubuta min allo a Zariya. Haruffansu 22 ne, daga dama zuwa hagu, kuma alef, bet, gimel, dalet ɗin nan duk wanda ya san abajada zai gane su. Sai yaro ya riƙe baƙaƙen kafin a shiga ɗigon wasulla, kamar dai babbaƙu da farfaru. Naɗaɗɗen littafin Attaura da ake karantawa a majami'a kuwa ba wasali ko ɗaya, shi ya sa yaro ke daɗewa yana tilawa kafin ya cika 13 ya karanta gaban jama'a.

Direban tasi a Salfod: 'Yar'uwa, ki ce wa uwar ta ba masu gadi sunanki tun kafin ranar. Na je ɗauko wani yaro, sunana ba ya cikin takardarsu, na yi minti ashirin a ruwan sama ana ta waya. Raina ya ɓaci sosai ranar. Daga baya uban ya ba ni haƙuri, ya tuna min da mutum 11 da aka kashe a wata majami'a a Pittsburgh ta Amurka a 2018. Ni ma ina da 'ya'ya, na fahimta.

Hajiya daga Landan: Na manta, ki tambayi uwar ko za ta ba shi 'yan silalla. Yaran na jefawa a asusun tsedaka, sadaka ke nan, har kalmar ta yi kama. In Idin Ƙetarewa (na tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar) ya matso kuma za ki sha waƙar tambayoyi huɗu a hanya, don ƙaramin gida ne ke rera ta a daren idin.

Bakatsiniya a Manchesta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi wa uwar magana, ta tura sunana da hotona. Hajiya, a ciki kike jira har a tashi, ko komawa kike yi ki dawo?