Wace kalmar Hausa za ta ɗauki ma'anar troll?

1. Jama'a, assalamu alaikum. Shekaranjiya na yi wannan tambaya a kan troll, sunan da ake kiran mai jefa magana a intanet don kawai ya ɓata wa mutane rai, kun turo amsoshi da yawa, Allah ya saka da alheri. Dalilin tambayar shi ne, a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinmu an cire wani bawan Allah wai shi troll ne, alhali abin da ya yi kawai ya nemi a kawo lissafin kuɗin gudunmawa. Abin ya tsaya mini a rai. Da sunan Hausa aka kira shi da shi, da wani ya ce a dakata, wannan suna bai dace da shi ba. Baƙuwar kalma ce, kowa ya yi shiru.

2. Kalmar tana da saiwa biyu a wajen masu ita. Ɗaya daga kamun kifi take: masunci ya sa abinci a ƙugiya, ya sake ta a bayan kwale-kwale yana tafiya a hankali har kifi ya haɗiya. A farkon shekarun 1990, a zaurukan Usenet, wani tsohon dandalin tattaunawa na intanet, tsofaffin hannu kan jefa tambayar da kowa ya san amsarta don su ga sababbin shiga da za su ruɗu su amsa. Ɗayar kuma wata muguwar halitta ce a tatsuniyoyin ƙasashen Norwe da Suwidin, mai zama a duwatsu da kogwanni.

3. Saboda ta biyun wasu suka ce dodo. Ban karɓa ba. Dodo tsoronsa ake ji, wannan kuwa haushinsa ake ji.

4. Wani malami daga Kano ya ce sojan baka. Malam, na gode, kuma kalmar tana da gurbinta. Mun san sojojin baka tun daga shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyo: mutum ya shiga ya kare ubangidansa, ya yi wa abokin hamayya wankin babban bargo. Amma sojan baka yana da ubangida, akwai wanda yake yi wa aiki. Shi ya sa nake ganin ita ce daidai ga irin ma'aikatan wani kamfani na birnin San Pitasbag a Rasha da ya riƙa ɗaukar mutane suna rubutu a intanet da sunayen ƙarya, wanda Amurka ta tuhume shi tare da Rashawa 13 a Fabrairun 2018 kan katsalandan a zaɓenta na 2016. Waɗannan albashi suke karɓa. Wanda muke nema wa suna sau da yawa ko sisi ba a ba shi, ladansa shi ne ya ga ranka ya ɓaci.

5. Mafi yawanku ɗan tsokana kuka ce, kuma na daɗe ina juya ta. Matsalarta ita ce tsokana a wajenmu tana da daɗi. Jika yana tsokanar kakarsa, taubashi yana tsokanar taubashiyarsa, Bafulatani da Babarbare suna yi wa juna, Bakano da Bazazzagi ma haka, a yi dariya a rabu lafiya. Ba na son mu ɗauki kalmar da ke ɗauke da zumunci mu ba mutumin da ke shiga ƙarƙashin sanarwar rasuwa yana zagin mamaci. Wani ya ce to matsokaci, amma kunne zai kai shi ga tsokaci, wanda muke amfani da shi ga mai bayyana ra'ayi.

6. Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ce ta kawo wadda ta kwanta mini: takala. Hajiya, kin gama magana. Muna cewa ya takale ni, yana takalar faɗa. Babu wasa a ciki, kuma niyyar tana cikin kalmar: kana zaman zamanka ya zo ya taɓo ka don ka tanka, kamar dai masuncin can da ƙugiyarsa. Tana kuma juyuwa yadda ake so: ɗan takala, 'yar takala, 'yan takala, aikin kuma takala. Gargaɗin da Turawa ke yi na kada a ciyar da troll, wato kada a ba shi amsa, mu ma muna da namu tuntuni: tankawa yabawa.

7. Amfanin sunan shi ne ya ware wanda ba shi ba. Mai saɓanin ra'ayi yana son amsa, idan ka kawo hujja zai duba ta, ko da bai sauko ba. Akwai kuma mai mugun zato, wanda duk alherin da aka kawo sai ya ce ai duk ɓarayi ne, ba abin da zai gyaru. Yana kashe gwiwar jama'a, na sani, amma har zuciyarsa yake faɗa, galibi an sha yaudararsa ne. Shi a bi shi ta gefe a yi magana, a nuna masa rasit, a ba shi wani aiki ya riƙe. Ɗan takala ne kaɗai amsa ba ta dame shi ba. Ka ba shi hujja ya koma wata magana, ka yi fushi ya ƙara wuta. Shi ake yi wa shiru, a gargaɗe shi sau ɗaya, in ya maimaita a cire shi.

8. Haɗa su wuri guda yana da haɗari har a gaban hukuma. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya sa saƙon da aka aika don ɓata ran wani cikin laifuka, aka riƙa kama 'yan jarida da masu suka da shi, sai a 2024 aka gyara lafazinsa.

9. Na tsaya a kan ɗan takala ga mai yi don jin daɗi, sojan baka ga wanda aka ɗauka haya. Mutanen Sakkwato da Damagaram, idan takala tana da wata ma'ana a bakinku ku sanar da ni. Yau da dare zan rubuta wa shugaban zaurenmu in roƙe shi ya dawo da mutumin nan, a kuma kawo lissafin da ya nema.