Mi yasa ƙwaro ke cin wani katako ya bar wani?

Buba Kafinta: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani ku taimaka min. Benci biyu na yi a shagona nan Arkilla, ɗaya da obeche ɗaya da madaci, ɗaki guda anka aje su amma na obeche duk ya yi 'yan ramuka kamar na allura, gari mai laushi na zuba ƙasa, na madaci kuwa lafiya lau sai ɗan gefe inda katakon ya yi fari. Ba gara ba ce. Mi ke kawo wanga?

Malam Sani: Wa alaikumus salam Malam Buba. Abinci ne. Tsutsar wanga ƙwaro ba ta iya narkar da ainihin icce, sitacin da ke ciki take bi, kuma sitaci a farin gefe yake taruwa, a zuciyar icce kusan babu shi. Uwar ma sai ta ɗan gutsiri katakon ta ji, in sitacin bai kai wajen kashi 3 cikin 100 ba da wuya ta zuba ƙwai, kuma cikin 'yan kofofin katakon take cusa su. To obeche fari ne ga laushi ga sitaci, tsutsa ta ƙoshi ta fito ƙwaro cikin watanni, shi ma ya sake haihuwa nan. Inda abinci ya yi ƙaranci kuwa tana iya wuce shekara a ciki, ta fito ƙarama, ƙaramar uwa kuma ƙwanta kaɗan ne.

Baba Altine: Gaskiya ne malam. Shi yasa iyayenmu ke jiƙa icce cikin gulbi ko tafki ya yi makonni kafin a yi rufi da shi, ruwa na rage zaƙin. Turmi kuma kirya ake nema.

Umaru Wamakko: Akwai ɗan uwansa da ya shigo daga Amurka ta Tsakiya, an ganshi Togo a 1984, asalinsa ƙwaron icce ne amma in ya samu masara ko busasshen rogo nan yake hayayyafa sosai, manoma a lura da katakon rumbu don yana ɓuya ciki.

Buba Kafinta: Na gode ƙwarai. To in na shafa banish zai tsaya?

Malam Sani: Banish na toshe kofofin, uwar ba ta samun inda za ta sa ƙwai, amma tsutsar da ta riga ta shiga sai ta ci ta huda ta fito. Raba bencin da sauran katakonka tukuna, gaba kuma ka riƙa fere farin gefen madaci kafin ka haɗa aiki.