Musayar baiti: Snape mugu ne ko an zalunce shi?

Alƙalamin Dare:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na sake gama littafin Harry Potter na bakwai kuma wallahi har yanzu masu wanke Severus Snape, malamin nan na Harry, haushi suke ba ni, ga tawa, mai ja ya fito.

Ku masu wanke Snape ku matso kusa,
Yau za mu tona batun gaskiya.
Malamin da ke muzanta maraya,
Don haushin uba, ina tarbiyya?
Ya so uwar yaron, to sai me?
So ba ya goge baƙar zuciya.

Zinariya:
Kai Alƙalami tawadarka ta tsinke,
Bango ka karanta ka hau hayaniya.
Wa ya yi leƙen asiri cikin maƙiya,
Ransa a hannu bai juya baya?
Shugaba Dumbledore ya roƙe shi ya kashe shi,
A 2007 aka tone, ka sha kunya.

Uwar Baiti:
Zinariya ba kya tsatsa ƙanwata! Kin rufe masa baki ruf, a taimaka a yi masa fifita 😂

Ɗan Aruli:
Afuwan, ni ba ruwana da Snape. Amma Zinariya ɗangonki na ƙarshe fa, in aka furta shekarar nan da baki ai karin ya karye gaba ɗaya, sai mutum ya yi gudu kafin ya kai amsa-amo. Na Alƙalami ma ba mutaƙarabi ba ne tsantsa amma dai yana tafiya da ƙafa biyu.

Zinariya:
Ɗan Aruli mai ƙirgan gaɓoɓi,
Kullum awo, ba ka saƙa ko ɗaya.
Mai gyaran gangar wani, ina taka?
Kawo baitinka mu sha dariya.

Ɗan Aruli:
Ba faɗa ba ne Hajiya. Amsa-amo kaɗai ba ya zama waƙa, in babu kari zube ne kawai aka yanka gunduwa-gunduwa.

Uwar Baiti:
To mawaƙan baka wa ya taɓa auna su da arulin Larabawa, kuma wa ya fi su? Kai dai ka ce kana bayan Alƙalami mu huta, tun ɗazu nake lura da kai.

Malam Shiru:
Ku yara ku bar gardamar awo,
Rigimar masoya ba yau ta soma ba.
A 1893 Conan Doyle ya gaji,
Ya jefa Holmes a ruwa, bai yi shawara ba.
Masu karatu suka tada ƙura,
Wasiƙun fushi ba su yanke ba.
A 1903 ya dawo da shi da rai,
Mai haihuwar ɗa bai fi masu reno ba.

Ruwan Reichenbach nake nufi, can Siwizalan. Marubucin Sherlock Holmes mai binciken laifi ya kashe nasa, masoya suka ce ba su san zancen ba. Ku ma Snape ɗin da kuke faɗa a kai guda biyu ne, kowa da wanda ya rena a kansa.

Uwar Baiti:
Allah ya ƙara girma Malam. Ɗan Aruli ga shekara har biyu a baiti ɗaya, ya na ji ka yi tsit? Ko ma'aunin naka mata kaɗai yake kamawa?

Ɗan Aruli:
Na gani, ina girmama furfura ne.

Mai Dodanni:
Ku bar Snape ku zo ga Daenerys ta Game of Thrones,
2019 aka cuce mu.
Shekara takwas muna mata kirari,
Dare ɗaya ta ƙone gari a idonmu.
Sama da miliyan suka sa hannu,
A sake fim ɗin, ba a kula mu.

Zinariya:
Mai Dodanni buɗe naka zauren don Allah. Kuma tun farko tana ƙona mutane kuna tafi, ku ne ba ku so ku gani ba.

Mai Dodanni:
Au, ke da kike wanke mai cin zalin yara ke ce za ki ce wani ya rufe ido? 🤣

Alƙalamin Dare:
Ku yi haƙuri kwana biyu ba data, na dawo na tarar an yi mini jana'iza.

Zinariya kin yi kirari da wuri,
Ga tambaya, ban da kwana-kwana.
Da aka fito wa ɗalibi Neville da abin tsoronsa,
Wa ya gani? Malaminsa da rana.
Da Lily uwar Harry ba ta cikin lissafi,
Da yana can wurin mugu Voldemort yana ta murna.

Zinariya:
Harry da aka zalunta ya yafe,
Ya sa wa ɗansa Severus suna.
Kai da ko ajin ba ka shiga ba,
Kake ta ɗaukar zafi kana ƙuna.

Ɗan Aruli:
To tunda an matsa mini, ga nawa.

Snape mutum ne mai kyau da muni,
Kowa ya kalle shi ta inda ya ga dama ya kalle shi.

Uwar Baiti:
Innalillahi. Wannan ɗango na biyun a mota za a ɗauko shi ko da ƙafa zai iso?

Ɗan Aruli:
Kuskuren taipin ne, ina gyarawa.