Tambaya game da tauraron teku mai rassa

Ɗaliba daga Kawo:
Assalamu alaikum. Na ga hoton wata halittar teku wadda hannayenta suka rarrabu kamar saiwar bishiya. Malamai, shin tsiro ce ko dabba, kuma mene ne danginta?

Malamin kimiyya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, 'yata. Dabba ce, tana cikin rukunin Echinodermata, wato dabbobin teku masu ƙayoyi a fata irin su tauraron teku, a ajin Ophiuroidea mai nau'o'i sama da 2,000. Masu rassan nan suna ƙarƙashin Euryalida. Hannaye biyar ne ke fitowa daga faifan jikinta, sai kowanne ya yi ta rabuwa har ya zama kamar kwando, wanda take shimfiɗawa da dare a inda ruwa ke gudu domin ta kama ƙananan halittun da ke yawo cikinsa, da rana kuma ta dunƙule.

Ɗaliba daga Kawo:
Na gode, Malam. To 'yan uwanta marasa rassa fa?

Wata malama, Unguwar Rimi:
Hannayensu sirara ne, suna lanƙwasa kamar maciji, kuma idan maƙiyi ya cafke ɗaya sukan yar da shi, daga baya wani ya tsiro. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba su da dubura. Ta baki suke ci, ta nan kuma suke fitar da ragowar abincin.