Tambaya: haɗa shirin ECPG da -static ya ƙi a Ubuntu 22.04

Jama'a, don Allah a taimaka. Shirin C ne mai SQL a ciki, na PostgreSQL 14, kuma ECPG ne ke mayar da SQL ɗin zuwa C zalla. Umarnin `ecpg ajiya.pgc` yana fitar da ajiya.c lafiya lau, `gcc -I/usr/include/postgresql -c ajiya.c` ma haka. Haɗawa da `gcc -o ajiya ajiya.o -lecpg` tana tafiya, in dai -lecpg ya zo bayan ajiya.o, in aka sa shi kafin ajiya.o, sai a kasa samun ayyukan ECPGconnect da ECPGdo.

Matsalar ita ce sabar da za a ɗora shirin ba ta da libecpg.so.6, laburaren ECPG da shirin ke buƙata, kuma ba a yarda a girka komai a kanta ba. Da aka ƙara -static, don a cusa laburare cikin shirin kansa, tare da -lpgtypes -lpq -lpgcommon -lpgport -lssl -lcrypto, sai ld, mai haɗa shirin, ya tsaya da "undefined reference" a kan gss_init_sec_context. Da alama libpq.a na Ubuntu, laburaren haɗi da PostgreSQL, an gina shi da Kerberos ne, tsarin tantance mai shiga da ake kira ta GSSAPI, shi kuwa libgssapi_krb5 babu .a ɗinsa da -static ke buƙata.

Shin sai an sake gina libpq daga tushe ba tare da GSSAPI da LDAP (tsarin neman bayanai a kundin adireshi) ba? Ko kwafe fayilolin .so kusa da shirin da `-Wl,-rpath,'$ORIGIN'` zai wadatar, ganin glibc (babban laburaren C) ɗin sabar ya girmi na nan?