Garin inulin a madadin sukari: yaya cikinku ya karɓe shi?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan jiya aka auna ni, aka ce sukarin jinina ya fara hawa, in rage tun wuri. Kun dai san halin fada: barada uku kafin isha'i, kowace an ɗura mata sukari kamar kyauta ake rabawa. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya aiko mini da wani farin gari, inulin, wanda ake fiddawa daga saiwar shikore, wannan dai da ke cikin garin kofi na Ricoré. Na zuba cokali guda a shayi, shiru. Na ƙara, zaƙin ya leƙo ya koma. Sai da na kai cokali huɗu, kuma na sake hakan a barada ta biyu. Wajen ƙarfe biyun dare cikina ya ɗau ƙugi, ya kumbura tim kamar ganga. Da asuba sau biyu ina fita daga sahu in sake alwala. Wa ya taɓa gwada abin nan? Ni ne ban iya ba, ko haka yake?

Maman 'yan biyu, Sabon Gari: Sannu Malam, ka sha wuya. Ni akasin naka na gani. Tun haihuwata ta ƙarshe nake fama da taurin bayan gida, sai in kwana uku ban zaga ba. Rabin ƙaramin cokali na fara sawa a koko da safe. Kwanakin farko akwai iska, ba zan ɓoye ba, amma ta lafa. Bayan sati biyu na koma cokali guda, yanzu kusan kullum ina zagawa ba da nishi ba. Sai dai ban ɗauke shi sukari ba. Kokon nan salam nake shan sa, na saba.

Ma'aikacin jinya: Yaya Ɗan Birni, ba laifin cikinka ba ne, cokalin ne ya yi yawa. Zaƙin inulin bai wuce kashi 10 cikin 100 na sukari ba. Ɗan uwansa oligofuruktos, da ake sayarwa gari ko ruwa-ruwa kamar zuma, ya fi shi zaƙi, amma shi ma da ƙyar yake kai rabin sukari. To wanda harshensa ya saba da shayin Damagaram zai yi ta ƙarawa yana neman abin da babu.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, ƙaramin hanji ba ya iya narkar da shi, shi ya sa ba ya ɗaga sukarin jini kamar sukari, kuma kuzarinsa kusan kalori 2 ne a giram maimakon 4. Haka yake wucewa har babban hanji, inda ƙwayoyin halitta masu amfani, musamman bifidobakteriya, suke cinye shi. Daga nan sunan firebayotik, wato abincin ƙwayoyin hanji masu amfani, ya samo asali, Gibson da Roberfroid suka raɗa shi a 1995. Cin da ƙwayoyin nan suke yi tamkar tsimi ne: yana fitar da sinadaran da bangon hanji ke amfana da su, yana kuma fitar da iska. Ka san yadda gasara ke kumfa in ta kwana? To haka. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta amince a 2015 cewa giram 12 a rana na inulin ɗin shikore yana taimaka wa zagayawa, amma ba a ranar farko ake kai can ba. Kai kuwa na tabbata ka ninka wannan a zama ɗaya. Kuma mai shan maganin ciwon sukari kada ya ajiye shi don wannan garin.

Mai shayi a Zango: Ni ƙorafina ɗaya ne, kumfa. Wani malamin lakwal ya kawo mini nasa ya ce in dafa masa. Na yi ta ɗagawa ina zubawa, kumfar ba ta zauna yadda na saba ba, a bakin cokali kuma ya dunƙule. Ya sha ya ce madalla, amma bai sake kawowa ba.

Hajiya daga Garin Malam: Ku dinga karanta bayan kwalba, 'ya'yana. An sayo mini wani a Kano, an rubuta babu sukari da manyan baƙaƙe. Na sa a kunun aya, zawo ya kama ni yini guda. Jikata ce ta duba ƙananan rubutun ta ce rabinsa maltitol ne da sobitol, wasu sinadaran zaƙi masu sa zawo. Ni dama albasa ɗanya da tafarnuwa ba sa zama a cikina, sai likita ya ce ai irin inulin ɗin nan ne a cikinsu, in bar shi gaba ɗaya. Na bari. Jika shida suka tafi a banza.

Ɗan Gure: Abin ya ba ni dariya, ana aiko mana daga Turai abin da ƙaro yake yi. Ƙaron dakwara ma abincin ƙwayoyin hanjin ne, kuma a hankali yake tsimuwa, ni bai taɓa kumbura ni ba. Ina jiƙa shi da dare in zuba a kunu. Zaƙi kam babu ko ɗigo, kada wani ya zo ya ce na ruɗe shi.

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai. Na koma rabin cokali a nono da safe, kwana biyar ke nan lafiya lau. Shayi kuma na roƙi a cire mini nawa kafin a zuba sukari, ɗacinsa har kunne. 'Yan fada sun laƙaba mini Sarkin Iska, da alama sunan ya zauna. Ɗan Gure, nawa ake sayar da ƙaron a Kasuwar Dole, kuma wane launi ne mai kyau?