Neman shawara: zan je ganin gida bayan dogon lokaci, me zan sa a gaba?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Ina zaune a wata ƙasa saboda aiki, kuma rabona da garin da aka haife ni an daɗe, har yaran da na bari suna rarrafe yanzu sun shiga sakandare. Bana Allah ya nufa na samu hutu, sai dai bai cika wata guda ba, kuma zan tafi da maiɗakina da 'ya'yanmu waɗanda ba su taɓa taka garin ba. Tun da labari ya bazu wayata ba ta huta ba: wannan ya ce lallai sai na kwana a gidansa, wancan ya ce akwai maganar da sai mun haɗu, abokan makaranta kuma suna shirya taro. Mahaifiyata tana raye amma ƙarfinta ya ragu, akwai kuma dattawan dangi da ban san ko zan sake tarar da su ba. Ni kaina ina marmarin in zaga garin in ga wuraren da na tashi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa irin wannan tafiya su haska mini yadda zan raba kwanakin, abin da ya kamata in shirya kafin tashi, da yadda zan yi da buƙatun mutane ba tare da na ɓata da kowa ba.

Amsar wani dattijo:

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya kai ku lafiya. Kafin ka sayi tsarabar kowa, ɗauki takarda ka rubuta sunayen duk waɗanda kake son gani, sannan ka jera su bisa shekarunsu da halin lafiyarsu, ba bisa yawan kiran da suke yi maka a waya ba. Wanda ya tsufa ko yake kwance shi ne a sama, ko da bai taɓa kiranka ba, domin galibi tsofaffi ba sa kira, jira suke yi. Waɗannan kai za ka je ka same su har ɗakunansu, tunda zumunci a ƙafa yake, kuma ka gama da su a makon farko. Duk ziyarar da aka ɗage zuwa makon ƙarshe ba a cika yinta ba, saboda haɗa kaya da sallama da baƙin da suka ji za ka koma su ke cinye kwanakin. A cikin wannan sahu ka sa gidajen da aka yi rashi ba ka nan, da kaburburan waɗanda suka rasu. Abokan makaranta kuwa, da ƙafarsu da lafiyarsu, zama ɗaya ya ishe su gaba ɗaya.

Mahaifiyarka ba ta cikin wannan jeri, matsayinta daban ne. Ka ware mata wani lokaci a kowace rana wanda baƙo ba ya shiga, kuma ka ajiye waya. Matasa suna zaton kiran bidiyo ya wadatar, alhali ba ya nuna maka yadda take miƙewa daga zaune, ko tana shan maganinta a kan ƙa'ida, ko idonta yana karanta rubutun da ke jikin kwalba, ko wa yake kusa da ita idan dare ya yi. Waɗannan sai wanda ya zauna ya zuba ido yake ganinsu, kuma ita ba za ta faɗa maka ba don kada hankalinka ya tashi. Idan hali ya yi, ka raka ta wurin likitanta da kanka, ka ji bayani daga bakinsa.

Sannan ka nemi izininta da na sauran dattawa ka naɗi muryarsu. Ka tambaye su sunayen kakanni, da inda zuri'arku ta taso, da yadda wane ya haɗa dangantaka da wane. A fito da tsofaffin hotuna su faɗa maka waɗanda ke ciki, ka rubuta a bayan kowanne da fensir, ka ɗauke su da wayarka a hasken taga. Hoton da babu mai sanin mutanen cikinsa ya zama takarda kawai, kuma masu sanin ƙarewa suke yi.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:

Ɗan'uwa, ni ta fuskar lafiya zan yi magana, domin masu komawa ganin gida sun fi 'yan yawon buɗe ido sakaci da ita, suna ganin ai garinsu ne. Ku je asibiti makonni 4 zuwa 6 kafin tafiya a duba katin rigakafin kowa, musamman na yara. Idan garin yana yankin da ake fama da zazzaɓin cizon sauro, ka sani cewa ɗan juriyar da jikin mutum yake samu saboda yawan cizo tana raguwa idan ya daɗe ba ya yankin, 'ya'yanka kuma ba su da ita sam. Akwai magungunan kariya da ake farawa kafin a tashi a kuma ci gaba bayan an dawo, wani na kwana 7, wani na mako 4, kuma ba kowanne ya dace da ƙaramin yaro ko mai juna biyu ba, don haka likita ne zai zaɓa muku. Sauron da ke yaɗa cutar daga faɗuwar rana zuwa asuba ya fi cizo, saboda haka gidan sauro da man korar sauro ba abin raini ba ne. Alamomin sukan bayyana kwana 10 zuwa 15 bayan cizo, wato mai yiwuwa sai kun koma, kuma duk wanda zazzaɓi ya kama a lokacin a gaya wa likita inda kuka je.

Wasu ƙasashe suna neman katin rigakafin zazzaɓin shawara a bakin shiga. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun watan Yulin 2016 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai shan magani kullum ya riƙe shi a jakar hannu cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Idan akwai bambancin agogo tsakanin ƙasashen biyu, jiki yakan ɗauki kusan kwana ɗaya a kan kowace awa kafin barci ya daidaita, kuma tafiya gabas ta fi wuya. Kada ka cika wa kanka kwana biyun farko da alƙawura.

Amsar wani mai yawan tafiye-tafiye:

Malam, duba fasfo na kowa tun yau, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda saura ƙasa da wata 6 ya ƙare, kuma idan yaran suna ɗauke da fasfo na ƙasar da kuke zaune, bincika ko suna buƙatar biza. Yawancin kamfanonin jiragen sama kilo 23 suke yarda da shi a akwati ɗaya, batirin ajiyar caji kuma a jakar hannu ake sa shi. Tsabar kuɗi mai yawa akwai dokar bayyana ta: a Amurka idan ta haura dala 10,000, a Tarayyar Turai idan ta kai yuro 10,000. Abin da aka fi mantawa shi ne ayyukan da ba sa yiwuwa sai mutum ya bayyana da kansa, kamar asusun banki da ya daskare saboda rashin amfani, katin shaida da ya ƙare, ko takardun gida da fili da ke hannun wani. Ka fara su a ranakun aiki na farko, saboda ofis yana iya cewa ka dawo, kuma idan kana da kadara a garin ka je ka gan ta da idonka.

Amsar wata 'yar'uwa:

Yaya, na yarda da Baba a kan tsofaffi, amma ina ganin idan ka bi jerin nan kaɗai za ka koma ba ka ga garin ba, iyalinka kuma za su tuna tafiyar a matsayin zaman falo daga wannan gida zuwa wancan. Matarka baƙuwa ce a tsakanin mutanen da suka san ka tun kana yaro, za a yi ta hirar da ba ta da bakin sawa a ciki, don haka ka gabatar da ita yadda ya kamata, ka kuma bar mata ranakun da za ta huta. Yara kuwa ziyara ɗaya ko biyu a yini ta ishe su. Ka kai su makarantar da ka yi, da layin da ka tashi, da filin da kuka yi wasa, sannan ka haɗa su da sa'o'insu na dangi ka ƙyale su, domin wannan sabo ne zai sa su nemi dawowa da kansu wata rana.

Kai ma ka ware safiya guda ka fita a ƙafa kai kaɗai. Za ka tarar an rushe wasu wurare, wasu sun ƙanƙance a idonka, unguwannin da ka bari gonaki sun cika da gidaje. Ka roƙi wani ƙaninka ya kai ka sababbin wuraren da shi yake alfahari da su, domin garin da ke cikin kanka ya tsaya a ranar da ka tafi, nasu kuma bai tsaya ba. Ina kuma roƙonka ka kame baki daga kwatanta komai da inda ka fito. Mutanen gari sun san matsalolinsu fiye da kai, kuma babu abin da ke sanyaya musu gwiwa da baƙo kamar wannan.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura maganar buƙatu, wadda ita ta fi damuna, domin abin da na tanada ba zai kai ga kowa ba.

Amsar dattijon:

Ɗana, ka yanke adadin da za ka iya bayarwa tun kafin ka tashi, ku amince a kai da maiɗakinka, ka cire kuɗin komawa da na ko-ta-kwana ka ajiye su inda hannunka ba zai kai ba. Abin da ya rage ka fara da lafiya da karatu, kuma inda ya yiwu ka biya kai tsaye a asibitin ko a makarantar. Tsaraba ta zama ƙarama kuma iri ɗaya ga waɗanda suke matsayi ɗaya, saboda bambanci tsakanin 'yan'uwa ya fi rashin kyautar haifar da magana. Ka nemi mutum guda a cikin dangi, mai amana da riƙe sirri, ya gaya maka masu buƙata ta gaskiya, domin sau da yawa su ne ba sa iya buɗe baki. Wanda ba za ka iya yi masa ba ka gaya masa a keɓe, cikin mutunci, cewa bana babu hali. Kada kunya ta sa ka ce za ka aiko idan ka koma alhali ba ka da tabbas, domin shi zai riƙe maganar ya yi ta lissafi a kanta. Masu zuwa da shawarar haɗa jari ko sayen fili kuma ka saurare su, ka karɓi takardun, ka ce sai ka koma ka yi nazari, kada ka sa hannu a kan komai a cikin kwanakin hutun.